Wa Bincikenku Zai Amfana? Nasiha ga 'Ya'yanmu Masu Karatun Jinya

'Ya'yana masu karatun jinya da ungozoma, da ku 'yan ƙalilan da kuka zaɓi ilimin halayyar ɗan Adam don ku yi aiki da masu lalurar ƙwaƙwalwa, Allah ya yi muku albarka. Wasunku suna makarantar ungozoma ta Dambatta, wasu suna Madobi, wasu sun samu Jami'ar Bayero suna kai-kawo tsakanin aji da Asibitin Malam Aminu Kano. Duk wanda ya kai ajin ƙarshe an ɗora masa rubuta kundin bincike, wasu kuma har sun fara hangen digiri na biyu da na uku. In kun dawo hutu Makoda ko Kunchi ko Tsanyawa ko Bichi, mu da muka tsufa a cikin farin kaya muna jin hirarku, kuma hirar ta sauya. A da in ana yabon malamin asibiti, cewa ake yi allurarsa ba zafi, ko ba ya yi wa mara lafiya tsawa. Yanzu sai ɗayanku ya zaro waya ya buɗe shafin wani farfesa a Google Scholar yana nuna wa 'yan'uwansa: ku duba, an ambaci aikinsa sau dubu kaza.

Na ji daɗin ganin 'ya'yan manoma sun fara sha'awar irin wannan suna. Lissafin ba wuya gare shi ba. Duk lokacin da wani mai bincike ya jingina da maƙalarka a cikin tasa, an ƙirga maka ambato ɗaya. A 2005 wani masanin kimiyya a Amurka, Jorge Hirsch, ya fito da wani ma'auni wanda in aka ce naka 20 ne, to kana da maƙaloli 20 da kowaccensu aka ambata aƙalla sau 20. Jami'o'i suna duba irin waɗannan alƙaluma wajen ƙarin girma, masu ba da tallafin bincike ma haka. Saboda haka ba zan ce ku raina su ba, da su wasunku za su ci abinci nan gaba. Abin da nake so ku lura da shi shi ne inda ambaton yake fitowa, domin na ga yara masu ƙwazo sun saki reshe sun kama ganye.

Bari in ba ku labarin wata mata da ta haɗa fannonin nan naku biyu. Sunanta Jeni Holden, a ƙasar Sikotlan. Nas ce daga cikin masu zagayawa gida-gida suna duba mai jego da jaririnta, kuma masaniyar halayyar ɗan Adam ce. Ta yi aiki da likitan ƙwaƙwalwa John Cox, wanda ya taɓa zama a Yuganda yana nazarin damuwar masu ciki da masu jego, da wata likita mai suna Ruth Sagovsky. Abin da ya dame su ƙarami ne a ido. Ma'aunan gano ciwon damuwa na wancan lokaci suna tambayar gajiya da ƙarancin barci, alhali kuwa wace mai jego ce ba ta gajiya, wace ce take barci ta ƙoshi? Sai lafiyayya ta fito a takarda tamkar mara lafiya, mara lafiyar ta gaske kuma ta ɓace a cikin taro. Suka zauna suka tace tambayoyi har suka rage goma, waɗanda mace za ta amsa cikin minti biyar, suka buga a 1987. Shi ne ma'aunin Edinbara da wasunku suka gani a littafi. An fassara shi zuwa harsuna fiye da hamsin, maƙalar kuma an ambace ta sau dubbai.

Ni aikin da ya biyo baya ya fi burge ni, domin gano ciwo ba tare da hanyar magani ba ƙarin nauyi ne ga mai shi. Aka ba nas-nas masu ziyarar gida ɗan gajeren horo a kan sauraro: ki zauna da matar, ki bar ta ta fitar da abin da ke ranta, kada ki katse ta da faɗa ko umarni. Aka riƙa ziyartar matan sau ɗaya a mako har mako takwas. Sakamakon da Holden da abokan aikinta suka buga a 1989 ya nuna cewa cikin mata 26 da aka yi wa wannan ziyara 18 sun warware, cikin 24 da ba a yi wa ba kuwa 9 ne suka warware. Mata hamsin ke nan kacal, adadin da ranar awo guda kan tara a asibitocinmu. Daga nan ziyarar sauraro ta shiga aikin nas-nas a Birtaniya. Mutane sun ambaci Holden ne domin sun ɗauki abin da ta yi sun yi aiki da shi, alƙaluman da kuke gani a waya kuma sawun wannan amfani ne.

To ku, daga ina tambayarku za ta fito? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yana ba ni tausayi in ga 'yar Kunchi, wadda ta tashi tana ganin iyayenta mata suna wankan jego, ta kawo taken da ta kwaso daga intanet a kan matsalar da ko sau ɗaya ba ta taɓa gani ba. Ku dubi abin da ya faru a Zariya. Likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello sun lura mata suna yawan zuwa da kumburi da haki 'yan makonni bayan haihuwa, zuciyarsu ta gaza. Neil Davidson da Eldryd Parry suka bi mata 224, suka buga a 1978, suna danganta abin da yawan shan kunun kanwa da zafin wanka da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta a ƙarƙashi. An daɗe ana ambaton wannan aiki a duniya. Daga baya Farfesa Kamilu Karaye da abokan aikinsa a Kano suka sake duba lamarin, suka nuna akwai wasu dalilai da dole a sa a lissafi, irin su ƙarancin sinadarin seleniyam a jini, da rama, da talauci, da hawan jinin masu ciki. Na gaba ya share hanya, na baya ya zo ya gyara. Duk wannan muhawara kuwa daga tukunyar ruwan zafi da ganyen darbejiya ta taso, abin da kowannenku ya sani tun yana goye.

A Zariyar dai, Farfesa Kelsey Harrison ya tattara bayanan haihuwa 22,774 a jere daga 1976 zuwa 1979, aka buga a 1985. Ya nuna ƙarara cewa matan da ba su yi awo ba, waɗanda sai naƙuda ta yi tsanani ake kawo su, su ne suka fi mutuwa, kuma rashin karatun mace da ƙarancin shekarunta suna da hannu a ciki. Ku tsaya ku dubi wannan adadi da kyau. Mutum ɗaya ba zai iya tsayawa a kan haihuwa dubu ashirin da biyu ba. Akwai ungozomomi da nas-nas da suka auna suka rubuta, dare da rana, ba su san cewa wata rana za a karanta abin da hannunsu ya rubuta a ƙasashen duniya ba. Da sun yi ha'inci da biro, da aikin ya rushe tun daga tushe.

Shi ya sa nake yawan yi muku maganar rajista. Na sha buɗe littafin awo a ƙananan asibitoci in tarar da layin awon jini tun daga sama har ƙasa 120/80, mace bayan mace, biro ɗaya, hannu ɗaya. Ko ba a faɗa ba ka san abin awon ne ya lalace, ko layi ya yi tsawo rana ta take, aka cike gurbi don kada mai duba aiki ya ga fili. A cikin waɗannan matan akwai wadda jininta ya hau, ta koma gida da kati mai cewa lafiya lau, bayan 'yan kwanaki aka dawo da ita cikin a-kori-kura tana jijjiga. 'Yata, in abin awo ya lalace, ki rubuta ya lalace. Gurbin da aka bari fili gaskiya yake faɗa, har yakan zama hujjar sayo sabo. Wanda kuwa ya saba cike gurbi a rajista, ranar da ya zama mai bincike hannunsa ba zai yi nauyi ba wajen cike takardar tambayoyi.

Kuma ana cikewa, kun sani na sani. Ɗalibi ya buga takardu ɗari biyu, ya raba talatin, ya gaji, sai ya zauna a inuwa shi da abokansa su ƙarasa sauran suna canza biro. Wani ma bai kai ga haka ba, ya je shagon kwamfuta a bakin makaranta ya sayi kundin da aka rubuta a kan wani gari a kudu, aka goge sunan garin aka sa na nan. Ba na ɗora muku laifin duka. Kuɗin mota da na buga takardu nauyi ne a kan ɗan talaka, wani malamin kuma ɗalibai sun yi masa yawa, ba ya samun karanta abin da aka kawo masa. Amma ramin ƙarya ƙurarre ne. Na ga wanda ya wuce da kundin aro, ya je neman digiri na biyu, aka tambaye shi yadda ya zaɓi gidajen da ya shiga, ya kasa cewa uffan. Wannan ma da sauƙi, kunyar rana ɗaya ce. Babbar illar ita ce alƙaluman ƙarya suna da tsawon rai. Wani zai ambace su, wani ya ambaci wanda ya ambata, har su shiga rahoton da za a duba a yanke inda za a tura ungozoma ɗaya tilo da ake da ita. Ɗana, in ƙarfinka mutum arba'in ne, ka tambayi arba'in, ka rubuta arba'in, ka faɗi dalili.

Aikin tambaya a ƙauyukanmu yana da ƙa'idojinsa, kuma kun fi baƙo saninsu in kun nutsu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya ɗauko takardunsa da tsakar damina, ana noma ana maimai, ba zai sami magidanci a gida ba, wanda ya samu kuma hankalinsa yana gona. Da kaka mata suna tsinkar gyaɗa da roron wake da sussuka. Sai amfani ya shiga rumbu mutane suke samun sukunin zama da kai. A fara da dagaci da mai unguwa da liman, a nemi izinin maigida, namiji kuma ya san iyakarsa zaure, ya nemi abokiyar aiki mace tun da wuri.

Shiga ɗakin ma ba shi ne samun amsa ba. Ki ɗauka kin shiga wurin mai jego, kwana ashirin da haihuwa. Tana zaune a bakin gado da ɗaurin ƙirji, ɗakin yana ƙamshin turaren wuta da yaji, uwar miji tana kan tabarma riƙe da jariri, kishiya ta leƙo ta tsaya a bakin ƙofa. Kika tambaye ta ko tana cikin damuwa. Me kike zaton za ta ce? Alhamdu lillahi, lafiya lau. Wadda Allah ya sauke ta lafiya, aka yanka rago, aka yi mata ƙauri, ta yaya za ta buɗe baki a gaban surukarta ta ce zuciyarta ba daɗi? Cewa za a yi ba ta da godiya. Ki ajiye takardar. Ki yi barka, ki karɓi jaririn, ki duba cibiyarsa, ki roƙi a ba ku wuri za ki duba jikinta. In kin yi haƙuri, a nan za ki ji ta ce ƙirjinta yana mata nauyi, kanta yana zafi, barci ba ya zuwa ko da yaron ya yi barci, tunani ya yi mata yawa. Matanmu ta jiki suke bi su faɗi damuwar da ke ransu, ma'aunin Edinbara kuwa da gangan aka rage tambayoyin jiki a cikinsa. Saboda haka kafin ki dogara da shi a Makoda, ki tabbatar yana cikin Hausar da tsohuwa za ta gane, an gwada shi a kan irin matanmu, an kwatanta sakamakonsa da na ƙwararren likita. Wannan kaɗai ya isa aikin digiri, kuma duk wanda ya zo bayanki ta kanki zai bi.

Ki kuma yi hattara da kunyar ɗan fari. Yarinyar da ta ƙi kallon jaririnta a gaban mutane, ta ƙi faɗin sunansa, littafin waje zai ce ba ta shaƙu da shi ba, alhali kara take yi. Ke da kika tashi a cikin al'adar ke ce za ki iya raba kawaici da ciwo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan ɗaya cikin biyar na masu jego suna fama da lalurar ƙwaƙwalwa, galibi ciwon damuwa. Ki ƙirga gidajen sunan da kika je bana, ki yi lissafi.

Kada ku zaci sai da kuɗi masu yawa ake aikin da za a ji. A 2004 masu bincike huɗu, cikinsu har da Zubairu Iliyasu da Isa Sadeeq Abubakar na Kano, suka buga abin da suka ji daga bakin mutum 250 a ƙauyen Karfi da ke kan hanyar Zariya game da taɓin hankali. Kimanin kashi ɗaya cikin uku na amsoshin sun ɗora dalilin a kan shaye-shaye, sai ƙaddara, sai sihiri da aljanu. Kusan rabin mutanen sun ce asibiti ya dace a kai mara lafiya, kimanin kashi ɗaya cikin uku kuma suka karkata ga malamai da masu addu'a. Ƙauye guda ne, tambayoyin ma masu sauƙi, amma har yau masu rubutu a kan tsangwamar masu taɓin hankali a Afirka suna komawa gare shi. Fiye da shekara ashirin ke nan tun daga nan. An yi zamanin kodin har gwamnati ta hana sarrafa maganin tari mai ɗauke da shi a 2018, ga tiramol da ƙwayoyi sun shiga har gonaki. Wa zai je Tsanyawa ya sake yin wannan tambaya?

Waɗanda suka zaɓi malamai kuwa iyayenku ne. Mai binciken da ya shigo gari yana hura hanci, yana kallon ruƙiyya da rubutun sha a matsayin jahilci, ƙofa za a rufe masa, wanda zai cutu kuma shi ne mara lafiyar da ke ɗaure da mari a ƙuryar gida. Tun 1954 Farfesa Adeoye Lambo ya gane haka a Aro ta Abeokuta, inda ya zaunar da marasa lafiya a gidajen ƙauye tare da danginsu, ya yi aiki da masu maganin gargajiya, aikin da ya ɗaga sunansa har ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, mutane kuwa sun haura miliyan 200. Malamin da ya yarda da kai shi ne zai ce wa iyaye a ci gaba da addu'a, a kuma kai yaro asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau.

Yarda kuwa a Kano tana da tarihi mai ciwo. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan, gwajin da ya ƙunshi yara kimanin 200 a asibitin cututtuka masu yaɗuwa. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, kamfanin ya musanta laifi, aka daɗe ana shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a 2003, wannan labari yana cikin abin da mutane suke kafa hujja da shi. In dattijo ya tsare ka da tambaya me za a yi da amsarsa, haƙƙinsa ne, ka zauna ka yi masa bayani da Hausa har ya gamsu. Ka gaya wa mara lafiya cewa in ya ƙi amsawa ba abin da zai ragu daga kulawarsa. Takardar kwamitin ɗa'ar bincike a same ta kafin a fara, ba bayan an gama ba. Sirri ma a ƙauye ya wuce goge suna. In ka rubuta matar mai unguwa ta uku, 'yar shekara goma sha bakwai, ai ka faɗi sunanta. Hoton mara lafiya kuwa kada ya taɓa hawa Facebook ko WhatsApp.

Idan aiki ya kammala za ku fara samun saƙonni daga wasu mujallu masu alkawarin buga maƙala cikin mako guda in an biya. Araha ba ta ado. Mujallar kirki sai ta aika wa masana su tsefe aikin, su dawo da shi da gyare-gyare, wani lokaci su ƙi shi gaba ɗaya, kuma babu farfesan da ba a taɓa mayar wa da aikinsa ba. A gyara a sake aikawa. Sunan da za a sa a kan maƙala ya zama na wanda ya yi aiki, kuma ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi da ta raka ki gida-gida cikin rana kada ki manta da ita. Ku 'ya'yana mata da aure da goyo za su riske ku a tsakiyar karatu, kada ganin takwarorinku sun yi nisa ya karya muku gwiwa. Sannu ba ta hana zuwa.

Ƙasarmu nan ta arewacin Kano gona tana jikin gona, ba a barin saura, kowace shekara ana nomawa, har masana irin su Michael Mortimore suka daɗe suna nazarin yadda ba ta gaji ba. Amsar kun san ta: da rani jakuna da amalanke suna jigilar taki, abin da aka ɗebo daga gona ana mayar mata. Bincike ma haka yake. Ƙauyen da aka yi ta ɗibar amsoshinsa ba a taɓa dawo masa da komai ba, wata rana zai daina bayarwa. Ku koma zauren da kuka fara neman izini ku faɗi abin da kuka gano. Ku rubuta shafi ɗaya da Hausa ku ba mai kula da asibitin, ku je Islamiyyar matan aure, ku nemi fili a gidajen rediyon Kano.

A karkarar Rawalpindi ta Pakistan, inda jama'a Musulmi ne manoma irin namu, Atif Rahman da abokan aikinsa suka ɗauki dabarar masana halayyar ɗan Adam ta gyara tunani, suka sauƙaƙa ta da hotuna, suka koya wa mata ma'aikatan lafiya na ƙauye. Ba su shiga gidaje da sunan ciwon ƙwaƙwalwa ba, da lafiyar uwa da jariri suka shiga, suka jawo miji da uwar miji cikin tafiyar. Gwajin ya ƙunshi mata 903, aka buga a 2008. Bayan wata shida da haihuwa, kashi 23 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa shirin ne suke cikin ciwon, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 53. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shirin littafin aiki ga ƙasashe. A nan gida Farfesa Oye Gureje na Ibadan ya nuna cewa ma'aikatan ƙananan asibitoci a jihar Oyo za su iya kula da damuwar masu ciki da masu jego in an horar da su. Ga hanya nan an share muku, saura wanda zai gwada ta da Hausa a Bagwai ko Minjibir.

Ku da kuke kwana ku kaɗai a ɗaki cike da marasa lafiya, kukanku ma yana buƙatar alƙaluma. Linda Aiken, nas ce a Amurka, ta duba asibitoci 168 ta nuna a 2002 cewa kowane mara lafiya ɗaya da aka ƙara wa nas yana ƙara haɗarin mutuwar waɗanda aka yi wa tiyata da kashi 7 cikin ɗari. Da irin wannan hujja ake shiga ofishin kwamishina. A ɓangaren ƙwaƙwalwa ma, a Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin ta 1958, kuma masu aiwatar da ita za su buƙaci sanin halin da ake ciki a ƙananan hukumomi irin namu.

Saura abu ɗaya da ya kamata ku shirya masa tun kafin ku fita. Tambaya ta goma a ma'aunin Edinbara ta shafi tunanin cutar da kai. In kuna tambayar mata da yawa, wata rana wata za ta sunkuyar da kai ta ce e. A wannan lokaci binciken ya tsaya, aikin jinya ya karɓa. Kada ki bar ta ita kaɗai, kada ki yi mata faɗa ko ki tsoratar da ita. Ki nemi yardarta ki sanar da wanda ta amince da shi a gidan, a kawar da maganin ƙwari da na feshi da ke ajiye a ɗakin hatsi, a sa wanda zai riƙa zama da ita da jaririn. Tun kafin ranar ki san likita ko nas ɗin da za ki kira a babban asibitin da ya fi kusa, ki riƙe lambarsa a wayarki, ki san ranakun da ake ganin masu irin wannan lalura a Dawanau ko a Asibitin Malam. Ki ware kuɗin motarta da na mai raka ta a cikin kasafin bincikenki, ki rubuta wannan tsari a takardar da za ki kai wa kwamitin ɗa'a, bayan mako guda kuma ki koma gidan ki ga ko an kai ta.